Daga ramin ƙasa zuwa faifai: yadda ƙananan kulob suka raini manyan kundayen kiɗan rok

Ranar 11 ga Fabrairu 1963, wasu samari huɗu 'yan birnin Liverpool suka shiga ɗakin naɗar sauti na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan da hantsi, ba su tashi daga aiki ba sai da dare ya yi nisa, kuma a wannan wuni ɗaya suka naɗi waƙoƙi goma daga cikin goma sha huɗun da ke kundinsu na farko, Please Please Me. Samarin su ne The Beatles. Wanda ya ji labarin haka kawai zai ce baiwa ce, to amma ruwa ba ya tsami banza. George Martin, wanda ya jagoranci naɗar, da farko ya yi tunanin ya kwashi na'urori ya je ya ɗauke su suna wasa a kulob ɗin Cavern na Liverpool, inda suka saba, sai ya ga wurin bai dace da ɗaukar sauti ba, don haka ya nemi su zo su buga masa abin da suke bugawa a gaban jama'a kullum. Ke nan aikin shekaru biyu da rabi ne aka juye a faifai a wuni guda. Abin da nake son nunawa a wannan sharhi shi ne, yawancin kundayen da a yau ake kira na gargajiyar rok a irin waɗannan ƙananan ɗakuna aka dafa su, kuma daga baya nasarar da kundayen suka samu ita ce ta ci ɗakunan.

Kafin a kai ga kulob, sai an fara fahimtar shi kansa faifan. Tsohon faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu a kowane ɓangare, saboda haka tsawon waƙa ma sai ya bi girman faifai. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda kowane ɓangarensa ke ɗaukar kimanin minti ashirin da 'yan kai, shekara guda bayan haka kuma kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai juyawa sau 45, mai waƙa ɗaya a kowace fuska. Kasuwa ta raba su gida biyu. Dogon faifai ya zama na manya masu sauraron jaz da kiɗan manyan zauruka, ƙaramin kuwa na matasa ne, saboda yana da arha kuma shi gidajen rediyo ke sakawa. Har zuwa farkon shekarun 1960, kundin mawaƙin rok bai wuce tarin waƙoƙi biyu da suka yi kasuwa ba, a cike sauran gurbin da abin da ya samu. Akwai wurin minti arba'in a faifai, amma babu masu abin da ya cancanci cika shi.

A kulob aka samo abin cika wannan gurbi. A watan Agustan 1960 The Beatles suka tafi Hamburg ta ƙasar Jamus, aka ba su aiki a wani ƙaramin kulob mai suna Indra a unguwar da ma'aikatan jiragen ruwa ke zuwa shaƙatawa, daga nan suka koma Kaiserkeller, daga baya Top Ten da Star-Club. Suna wasa awa huɗu zuwa shida kowane dare, suna kwana a wani ɗaki maras taga a bayan allon gidan silima, mai kulob ɗin kuma, Bruno Koschmider, yana yi musu tsawa da Jamusanci cewa su motsa jiki su yi wasan da zai jawo masu wucewa. Duk wanda zai cika awa shida da waƙoƙin minti uku-uku, dole ya haddace ɗaruruwansu, ko kuma ya koyi jan waƙa ɗaya ta yi tsawo ba tare da ta gundiri mai sauraro ba. Dole ne kuma ya iya karanta fuskar jama'a, ya san lokacin da za a ɗaga kiɗa da lokacin da za a sassauta. Babu makarantar da ke koyar da wannan, kamar yadda a wurinmu yaron makaɗi ba ya zama gwani sai ya daɗe yana amshi a bayan maigidansa a fagen biki.

Da suka koma gida, sai Cavern ta ɗora daga inda Hamburg ta tsaya. An buɗe ta a Janairun 1957 a lamba 10, titin Mathew, a matsayin kulob na jaz, a ƙarƙashin wani sito, rami ne mai rufin bulo inda gumin jama'a ke taruwa a sama yana ɗigowa kan lasifikoki har wuta ta ɗauke. A wancan zamani ba a sayar da barasa a cikinta, kuma wani muhimmin ɓangare na wasanninta da rana ake yi, lokacin da ma'aikatan ofis da na kantuna ke fita cin abinci. Daga Fabrairun 1961 zuwa Agustan 1963 an ƙidaya cewa The Beatles sun hau dandamalinta sau 292. A nan ne Brian Epstein, mai kula da kantin sayar da faya-fayi na gidansu, ya gan su ranar 9 ga Nuwamba 1961, ya zama manajansu.

A Landan labarin ya ɗan bambanta, domin can ƙaunar buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ita ce ta tara matasa. Muddy Waters, mawaƙin buluz na Amurka, ya zo Ingila a 1958 da jitarsa mai aiki da lantarki, ya firgita masu jiran su ji kiɗan ƙauye a hankali. A 1962 Alexis Korner da Cyril Davies suka fara daren buluz a wani rami a unguwar Ealing, kuma a nan waɗanda za su kafa The Rolling Stones suka haɗu da juna. Sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Muddy Waters aka samo shi. Wasansu na farko da wannan suna a kulob ɗin Marquee suka yi shi ranar 12 ga Yuli 1962, lokacin yana titin Oxford, kafin ya koma lamba 90 a titin Wardour a 1964. A wannan sabon mazauni The Yardbirds suka naɗi kundinsu na farko a gaban jama'a, The Who kuma suka karɓi daren kowace Talata tun daga ƙarshen shekarar.

Ya kamata a tsaya a kan wannan al'ada ta ba ƙungiya dare guda a kowane mako, ko kuma a ɗauke ta ta zama ta gida na tsawon watanni, domin a ganina ita ce zuciyar maganar. Mai kulob yana son abin da zai tabbatar masa da ciniki a daren da babu jama'a, ƙungiya kuma tana son wurin da za ta riƙa samun na abinci, to amma abin da ya fito daga wannan ciniki ya fi ƙarfin lissafin su duka biyun. Mutanen da ke zuwa kowane mako kusan su ne dai na makon jiya, don haka ba za a yi ta maimaita musu abu ɗaya ba, tilas a canza, a ƙara, a gwada sabo. Idan gwajin bai karɓu ba, mutum ɗari biyu ne kawai suka gani, mako mai zuwa a gyara. The Doors sun zama ƙungiyar gida a kulob ɗin Whisky a Go Go da ke Los Angeles a tsakiyar 1966, kuma waƙarsu The End, wadda ta fara a matsayin gajeruwar waƙar rabuwa, a irin waɗannan darare ta yi ta miƙewa har ta kusa minti goma sha biyu, kalaman da mawaƙinsu ya cusa mata a wani dare kuma suka jawo aka sallame su daga kulob ɗin. Cikin kimanin mako guda suka naɗi kundinsu na farko, wanda ya fito a Janairun 1967. Black Sabbath, bayan dogayen darare a Star-Club ta Hamburg, a wuni ɗaya suka naɗi nasu a Oktoban 1969. Led Zeppelin kuwa, da suka dawo daga rangadin ƙananan wurare a ƙasashen Sikandinebiya a 1968, kimanin awa 36 kawai suka yi a situdiyo.

Har kayan kiɗan ma kulob ne ya sassaƙa su. Jim Marshall mai kantin ganguna ne a yammacin Landan, ya fara ƙera na'urar ƙara sautin jita a 1962 saboda makaɗan da ke zuwa kantinsa suna kukan cewa abin da ke kasuwa bai ishe su ba, kuma matsin lambar 'yan The Who, waɗanda ke son sautinsu ya danne ganga da hayaniyar jama'a, yana cikin abin da ya kai shi ga ƙera mai ƙarfin wat 100 a 1965. Wannan kaurin sauti da ƙarajin jita da ake ji a kundayen ƙarshen shekarun 1960, asalinsa maganin matsalar ɗaki ne mai cike da mutane.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan abin da na faɗa, kuma bai dace a kauce mata ba. Kundayen da suka fi ɗaga darajar dogon faifai ba a kulob aka haife su ba. Brian Wilson na The Beach Boys ya daina fita rangadi tun ƙarshen 1964, ya zauna a situdiyo da ƙwararrun makaɗan haya, ya fitar da Pet Sounds a 1966. The Beatles, bayan sun yi wasa a gaban mutum 55,600 a filin Shea na New York a 1965 inda ihun 'yan kallo ya hana su jin kansu, sun yi wasansu na ƙarshe na kuɗi a San Francisco ranar 29 ga Agusta 1966, suka shige Abbey Road na tsawon watanni kusan biyar, suka fito da Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a 1967, kundin da aka gina shi hawa-hawa a kan na'urar naɗar sauti mai layi huɗu, da sautukan da mutum huɗu ba za su iya maimaitawa a dandamali ba. Wannan gaskiya ne, daga nan situdiyo ta zama kayan kiɗa mai zaman kanta. Sai dai a duba su wane ne suka iya yin wannan aiki. Mutanen da suka yi shekaru suna buga ɗaruruwan waƙoƙin wasu, daga buluz zuwa tsofaffin waƙoƙin gidan rawa, su ne suka tara kayan da suka riƙa ɗiba lokacin da aka ba su situdiyo babu iyaka. Kuma ko a wannan zamani na situdiyo, hanyar dā ba ta mutu ba. Pink Floyd sun yi suna ne a kulob ɗin UFO da aka buɗe a wani rami a titin Tottenham Court a Disamban 1966, kuma kundinsu The Dark Side of the Moon, wanda ake misali da shi wajen gwanintar situdiyo, sun yi kusan shekara guda suna buga shi a gaban jama'a tun farkon 1972, suna ragewa suna ƙarawa, kafin ya fito a Maris 1973 ya shafe fiye da makonni 700 a jadawalin cinikin faya-fayi na Amurka.

Wani abu na uku ya shiga tsakanin kulob da faifai, shi ne rediyo. A wancan zamani tashoshin AM na Amurka ba sa saka waƙar da ta wuce minti uku da ɗoriya, shi ya sa sai da aka datse Light My Fire ta The Doors daga minti bakwai zuwa ƙasa da uku kafin ta shiga. Da hukumar sadarwa ta ƙasar ta taƙaita wa tashoshin manyan birane maimaita shirye-shiryen AM a zangon FM, sai aka samu sa'o'i da yawa babu abin sakawa, kuma a 1967 Tom Donahue ya fara saka dogayen waƙoƙin cikin kundi a tashar KMPX ta San Francisco. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kuɗin kasuwar ya koma kan dogon faifai, har ta kai Led Zeppelin sun ƙi sakin Stairway to Heaven a ƙaramin faifai, duk mai so sai ya sayi kundin gaba ɗaya.

Inda dangantakar ɗaki da faifai ta kai ƙololuwa shi ne gidajen Fillmore na Bill Graham, ɗan gudun hijira da ya tsere daga Jamus ta 'yan Nazi yana yaro. Ya fara a San Francisco, sannan ya buɗe Fillmore East a New York a Maris 1968, tsohon gidan silima mai kujeru kusan 2,700. Wannan ya fi kulob girma, amma bai kai inda makaɗi zai daina ganin fuskokin mutane ba, kuma Graham ya kashe kuɗi a kan lasifikoki da fitilu da kiyaye lokaci a zamanin da ba a damu da su ba. A nan Jimi Hendrix ya naɗi Band of Gypsys a daren shiga 1970, a nan kuma The Allman Brothers Band suka naɗi At Fillmore East a Maris 1971 tare da Tom Dowd, wanda ya jagoranci naɗar. Kundayensu biyu na situdiyo ba su yi wani ciniki ba, domin ƙarfinsu yana cikin yadda jita biyu da masu ganga biyu ke zance da juna a gaban jama'a. A wannan kundi waƙa guda, Whipping Post, ta cinye ɓangaren faifai sukutum, kusan minti 23. A nawa kunnen babu kundin da ya fi shi nuna amfanin dogon faifai, kuma abin baƙin ciki ne cewa Duane Allman, ɗaya daga cikin masu jitar ƙungiyar, ya rasu a haɗarin babur a Oktoban wannan shekara, watanni uku bayan fitowarsa, yana ɗan shekara 24.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba 'yan rok suka ƙirƙiro wannan fasaha ba. James Brown ya naɗi wasansa a gidan Apollo na Harlem a Oktoban 1962 da kuɗin aljihunsa, saboda mai kamfaninsa bai yarda irin wannan faifai zai sayu ba, B.B. King kuma ya naɗi nasa a gidan Regal na Chicago a 1964, kuma matasan makaɗan Ingila da Amurka sun yi karatun waɗannan faya-fayi kamar littafi. Bashin da rok ya ci a hannun baƙaƙen makaɗan Chicago da kudancin Amurka yana da nauyi, kuma ba kowa ne ya biya da daɗin rai ba: sai da Willie Dixon, marubucin waƙoƙin buluz na Chicago, ya kai Led Zeppelin ƙara a 1985 kan kalmomin Whole Lotta Love kafin aka sasanta, sunansa ya shiga cikin marubutan waƙar. Graham ya cancanci yabo ta wannan fuska, domin yakan haɗa B.B. King ko Miles Davis da ƙungiyar da matasa fararen fata suka zo gani a dare ɗaya, ya tilasta musu jin tushen abin da suke so. A Najeriya ma an san wannan tsari ta wata hanyar: Fela Kuti yakan yi watanni yana buga sabon kiɗa a kulob ɗinsa na Shrine da ke Legas kafin ya naɗe shi, kuma Paul McCartney, tsohon ɗan The Beatles, ya je ya gan shi a can a 1973 lokacin da ya zo naɗar kundin Band on the Run.

Gangar da ta cika zaƙi kuwa tana kusa da fashewa. Kundi ya sa ƙungiya ta samu miliyoyin masoya a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, taron kiɗa na Woodstock da aka yi a Amurka a Agustan 1969 kuma ya nuna wa manajoji cewa dubban ɗaruruwa za su fito don kiɗan rok. Lissafin a fili yake: me zai sa a yi darare huɗu a ɗakin mutum dubu biyu da ɗari bakwai alhali dare guda a babban filin wasa zai kawo fiye da haka? Graham ya rufe Fillmore East a ƙarshen Yunin 1971, ta San Francisco kuma mako guda bayan haka, yana kukan tsadar da ƙungiyoyi da wakilansu suka ɗora wa kansu. A 1973 Led Zeppelin suka tara mutum 56,800 a filin Tampa, suka karya tarihin The Beatles. Daga nan aikin dandamali ya juye, ya zama kwaikwayon faifai: mutumin da ya biya kuɗi mai yawa yana zaune nesa yana son ya ji waƙar yadda ya san ta, ba ya son gwaji. Wannan, a ganina, shi ne babban dalilin da ya sa kundayen manyan ƙungiyoyi da yawa suka yi sanyi a tsakiyar shekarun 1970, duk da cewa kuɗin da ake kashewa a kansu ya ninka.

Martanin ya sake fitowa ne daga ƙaramin ɗaki. Hilly Kristal ya buɗe CBGB a lamba 315 titin Bowery na New York a ƙarshen 1973, a unguwar da ta lalace, da niyyar saka kiɗan karkara da buluz, sai matasan da ba su da wurin zuwa suka mamaye shi: Television, Patti Smith, Ramones, Blondie, Talking Heads. Ramones sun naɗi kundinsu na 1976 da kimanin dala 6,400, waƙoƙi goma sha huɗu cikin minti 29, wato sun koma daidai inda The Beatles suka faro a 1963, abin da ake bugawa kowane dare shi aka juye a faifai. A Landan kuma kulob ɗin 100 Club na titin Oxford ya karɓi taron 'yan pank, wato masu irin wannan rok mai gajerun waƙoƙi da sauri, a Satumban wannan shekara.

Shi kansa laƙabin gargajiyar rok gidajen rediyon Amurka ne suka raɗa shi a farkon shekarun 1980, don su riƙe masu sauraron da suka manyanta, kuma ya ƙunshi waƙoƙi ƙalilan da aka tsamo daga kundaye ana ta juya su. Faya-fayin sun ci gaba da kawo kuɗi, ana sake buga su a kowace sabuwar na'ura, amma ɗakunan ba su da irin wannan gata, domin haya ce ke yanke musu hukunci. An rufe Cavern ta asali a 1973 aka cike ramin saboda aikin jirgin ƙasa, wadda masu yawon buɗe ido ke shiga yau an sake gina ta ne a 1984 da wani ɓangare na tsofaffin bulon. Marquee ta bar titin Wardour a 1988. Ƙofar Fillmore East ta zama reshen banki. CBGB ta rufe a Oktoban 2006 bayan rikicin haya, Patti Smith ce ta yi wasan ƙarshe, daga baya wurin ya koma kantin tufafi masu tsada. 100 Club, mai ɗaukar mutum kusan 350, ita ma ta kusa bin sahu a 2010 da haya ta yi mata yawa, sai makaɗa suka yi gangami, Paul McCartney ya sauka ramin ya yi wasan rana a Disamban shekarar, irin wanda ya saba yi a Cavern yana ɗan shekara goma sha tara, kuma kulob ɗin ya tsira.